Munduwar Disney da yatsan yara: da gaske ana bin sawun baƙi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ƙanina da ke aiki a Amurka ya gayyace mu hutu, ni da maigida da yara uku: babbar shekararta 14, mai bi mata 9, autan 5. Ya ce zai kai mu Disney World a jihar Filorida, mu yi kwana huɗu muna zagayawa. Tun yanzu ya sa na sauke wata manhaja a waya, ya ce sai na shigar da sunan kowa. Ya kuma ce akwai wata munduwa da ake ɗaurawa a hannu, da ita ake shiga, da ita ake buɗe ɗaki, da ita ake sayen abinci. Maigida ya ce shi ba za a ɗaura wa 'ya'yansa abin da zai riƙa kai rahoton inda suke ba, kuma ya ji har yatsa ake dangwalawa a ƙofa. Ni kuwa tsare-tsaren ne suka gajiyar da ni tun ba mu tafi ba, wai sai an kama lokacin hawa lilo tun daga gida. Da gaske ana bin sawun mutum? Za mu iya ƙin ɗaurawa? Su waɗanda suka saba zuwa, yaya suka karɓi wannan abu?

Wata mai karatu daga Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.

Ki fara gaya wa maigida wannan: munduwar ba dole ba ce. Sunanta MagicBand, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2021 kamfanin ya daina raba ta kyauta ga masu kwana a otal-otal ɗinsa, sai wanda ya ga dama ya saya. Wanda bai so ba, katin roba za a ba shi ya shiga da shi. Zancen bin sawu kuwa gaskiya ne, kamfanin da kansa bai musa ba. Inda zan saɓa da maigida shi ne, idan ya hana munduwa amma kuka shiga da waya wadda aka ba wa manhajarta izinin komai, to an bar jaki ana dukan taiki.

Abu biyu ne a cikin munduwar, kuma duk gardamar a kan bambancinsu take. Na farko ƙwayar lantarki ce irin ta katin bankin nan da ake karawa a jikin POS ba tare da an zura shi ba. Ba ta buƙatar batir, kuma ba ta cewa uffan sai an manna ta a jikin na'ura. Na biyu ɗan ƙaramin rediyo ne mai batir, yana aiki a zangon 2.4 GHz, zangon da Bluetooth da Wi-Fi suke amfani da shi. Shi wannan ba ya jiran a kara shi. Yana ta sanar da lambarsa, eriyoyin da aka kafa a wasu gine-gine da hanyoyin lilo suna ɗauka daga nisan da ya kai kimanin ƙafa 40, wato mita 12. Babu GPS a ciki, saboda haka da zarar kun bar harabar Disney, babu eriyar da za ta saurare ta. Sunanki da lambar katin banki ma ba a cikin munduwar suke ba. Lamba ce kawai a ciki, ita kuma lambar an ɗaure ta da asusunki a rumbun bayanan kamfanin. Wanda ya tsinci munduwa a hanya ba zai karanto sunan kowa daga jikinta ba. Amma kamfanin da ke riƙe da rumbun ya san lambar wane ce ta wuce ta ƙofa kaza da ƙarfe kaza.

Ga yadda shigar take. A bakin ƙofa babu shingen ƙarfe mai juyawa, sai wasu sanduna tsaye masu kai kamar ƙwallo, da zanen kan Mickey, ɓeran katun ɗin Disney, a jiki. Kin kara munduwa ko kati, haske ya fara kewayawa, kin ɗora yatsa a kan ɗan gilashin da ke gefe, sai hasken ya koma kore tare da wata 'yar ƙara, ki wuce. Idan ya koma shuɗi, akwai matsala, ma'aikaci zai zo da allon hannu ya duba. Duk wannan aikin ƙwayar farko ce, kati ma yana yin sa. Aikin rediyon kuwa sai kin shiga ciki za ki gan shi. Akwai lilon da ake kira Seven Dwarfs Mine Train, wanda aka buɗe a 2014: kin hau kin sauka ba ki taɓa komai ba, an jima sai ki ga hotonki da ɗan bidiyo sun faɗo cikin manhaja, domin eriya ta gane cewa kina cikin wannan tarago a wannan daƙiƙa. A 2016 an ƙara wani abu a ƙarshen yawon kwalekwale na gidan 'yan tsana masu waƙa: allo ya riƙa yi wa baƙi ban kwana da sunayensu. Wasu iyayen sun yi ta murna da ɗaukar hoto. Wasu kuma a nan ne gabansu ya faɗi, ganin sunan ɗansu a bango alhali ba su gaya wa kowa ba. Haka a wani gidan abinci mai suna Be Our Guest da ke Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen wasa huɗu na Disney World, a shekarun farko na tsarin, mutum zai yi oda ya je ya zauna a teburin da ya ga dama, abinci ya iske shi ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Kamfanin ya rubuta a fili cewa katin roba ba ya karantuwa daga nesa. Wannan ita ce amsar maigida kai tsaye. Abin da za ku rasa idan kuka zaɓi kati kaɗan ne: hotunan lilo ba za su zo da kansu ba, sai dai a wuraren da ake iya kara katin a jikin allon hoto bayan an sauko.

Yadda mutane suka karɓe shi

An sanar da tsarin a Janairun 2013 da sunan MyMagic+, kuma rahotanni sun ce ya ci kuɗi kimanin dala biliyan 1. Wata bai ƙare ba sai da Ed Markey, wanda a lokacin ɗan majalisar wakilai ne daga jihar Massachusetts, ya rubuta wa shugaban kamfanin na lokacin, Bob Iger, wasiƙa yana tambaya: me za a tattara a kan yara, wa za a ba, za a yi musu talla da shi? Iger ya mayar da amsa mai zafi cikin 'yan kwanaki, ya ce zargin ba shi da tushe kuma an yi shi ba tare da bincike ba, ya ce shiga tsarin ganin dama ne kuma ba za a yi wa 'yan ƙasa da shekara 13 talla da bayanan ba. Ambaton 13 ɗin ba a banza ya zo ba. Amurka tana da dokar kare bayanan yara a intanet tun 1998, wadda ta hana tattara bayanan ɗan ƙasa da wannan shekara sai da yardar iyaye.

Su baƙi kuwa sun rabu, amma ba a inda 'yan siyasa suka zata ba. Mafi yawa sun ɗaura munduwar ba gardama. Hujjarsu mai sauƙi ce: wuri ne mai kyamara a kowane lungu, na sayi tikiti da sunana, na kama otal da katina, me ya rage da za a ɓoye? Ga kuma daɗin rashin laluben makulli da jaka alhali yaro na saɓe a kafaɗa. Munduwar har ta zama abin ado, ana sayen masu launi da zane ana tarawa. Masu damuwa da sirri suna nan, kuma maganarsu tana da nauyi: yarda da kyamarar tsaro daban, yarda a haɗa tafiyarka da cinikinka da sunan ɗanka a fayil guda daban. Damuwar ta sake tashi a 2016 lokacin da aka ga kamfanin ya yi rajistar wata fasaha ta gane baƙo da takalminsa, ko da yake ya ce ba shi da shirin amfani da ita.

Sai dai kukan da ya fi yawa, ya kuma fi daɗewa, irin naki ne, Hajiya. Tun 1999 akwai wani tsari na kyauta mai suna FastPass: ka je bakin lilo, na'ura ta ba ka 'yar takarda mai lokacin dawowa, ka tafi yawonka. Kowa daidai yake, wanda ya riga zuwa shi ya riga samu. Sabon tsarin ya mayar da wannan cikin waya, ya ce ka zaɓi lilo 3 na kowace rana tun da sauran kwana 60 idan a otal ɗin Disney za ka sauka, ko kwana 30 idan a waje kake. Teburin abinci kuwa tun da sauran kwana 180. Mutane suka ce, ta yaya zan san abin da yarona zai so ci bayan wata shida? Mazauna Filorida da suka saba faɗawa wurin da yamma ba shiri suka ga an riga an kwashe guraben manyan liluna tun watanni biyu da suka wuce. Masu son tsari kuma suka ji daɗi, domin sun shiga jirgi da tabbacin abin da za su hau. Shugabannin kamfanin ba su ɓoye manufarsu ba: baƙon da ya tsara kwanakinsa tun daga gida ba ya tsallakawa wurin abokan hamayya idan ya iso Orlando, birnin da Disney World yake kusa da shi, kuma wanda ba ya tsaye a layi yana cikin shago ko gidan abinci. A ganina wannan ya fi bayyana dalilin kashe dala biliyan fiye da duk wani zancen leƙen asiri. Abin da suke so su sani shi ne ina cunkoso ya taru, ma'aikata nawa za a tura, me kuke saye.

Bayan rufewar korona a 2020, tsarin kyautar bai dawo ba. A Oktoban 2021 aka kawo Genie+, na kuɗi, dala 15 kowane mutum a rana, daga baya ya riƙa haura dala 30 a ranakun cunkoso. A nan ne ran mutane ya ɓaci sosai. Abin da yake kyauta ya koma na saye, kuma sai an tashi ƙarfe 7 na safe kullum ana rige-rigen danna waya. Korafin da aka fi ji shi ne uba ko uwa sun wuni kai a sunkuye a kan allo, yara suna kallon wasa su kaɗai. A Yulin 2024 aka sake sauya shi zuwa wanda za ku tarar, Lightning Lane.

Yadda yake aiki a taƙaice: akwai Multi Pass, wanda ake saya wa kowane mutum na rana guda, a zaɓi lilo 3 tun kafin ranar, kowanne da tazarar awa ɗaya ta zuwa. Da kin yi amfani da na farko, sai ki ƙara kama wani. A uku daga cikin filayen huɗu an kasa liluna gida biyu, ɗaya kawai za ki fara ɗauka daga rukunin manya. Akwai kuma Single Pass na liluna mafiya farin jini, waɗanda ake biya ɗaya-ɗaya. Mai kwana a otal ɗin Disney yana fara kamawa da sauran kwana 7, sauran mutane da sauran kwana 3, ana buɗewa ƙarfe 7 na safe agogon Filorida. Wannan ya yi daidai da 12 na rana agogon Najeriya daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, ko 1 na rana a sauran watanni. Teburin abinci yanzu kwana 60 ne. Wani abu da ya shafe ku: lokacin da aka fara tsarin a 2024, baƙin da ke wajen Amurka da Kanada ba sa iya saye sai sun sauka a ƙasar. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙaninki ya kama muku daga can. Kuma duk wannan ba dole ba ne. Layin talakawa yana nan kyauta a cikin kuɗin tikiti, kuma wanda ya isa ƙofa rabin awa ko fiye kafin a buɗe yakan hau manyan liluna biyu ko uku kafin rana ta ɗaga. Idan za ku kama lokuta, ki bar rata tsakanin ƙarfe 1 da 3: zafi ne, ga sallar azahar, ga autan da zai fara rigima, kuma a bazara yawanci da rana hadari ke haɗuwa a tsayar da lilunan waje.

Maganar yatsa

Wannan daban take da munduwa, kuma ko da kati kuka shiga za a nema. Manufarta hana mutum biyu amfani da tikiti ɗaya, tunda tikitin kwana huɗu ya fi arha a kowace rana fiye da na kwana ɗaya. Kamfanin ya ce na'urar tana ɗaukar hoton yatsa, ta mayar da shi wata lamba, ta watsar da hoton nan take, lambar ce kawai ake ɗaurewa da tikitin. A 2016 aka faɗaɗa abin zuwa yara 'yan shekara 3 zuwa 9, iyaye da yawa suka yi ƙorafi, kuma akwai mafita guda biyu. Ta farko, uwa ko uba su ɗora nasu yatsan a madadin na yaron. Na tsakiyanki da autan duk sun shiga wannan rukuni. Sharaɗin kawai, wanda ya ɗora a ranar farko shi zai riƙa ɗorawa kullum, don haka kada maigida ya dangwala wa autan sannan washegari ya ce ya gaji ku tafi ku kaɗai. Ta biyu, babba zai iya ƙin ba da yatsa gaba ɗaya ya nuna katin shaida mai hoto. Ku je ofishin kula da baƙi da ke bakin ƙofa da fasfo a ranar farko, ku faɗa musu. Zai ƙara muku 'yan mintuna a kowace shiga, kuma dole a riƙa yawo da fasfon, wanda shi ma haɗari ne a wurin da ake hawa lilon ruwa. Ku sa shi a leda mai zif.

Tsoron maigida a kan yatsa ba ƙauyanci ba ne, Amurkawa ma sun kai irin wannan magana kotu. Jihar Illinois tana da dokar 2008 da ta hana ɗaukar zanen yatsa ko fuska sai da rubutacciyar yarda. Wata uwa ta kai kamfanin wuraren wasa na Six Flags ƙara saboda an ɗauki yatsan ɗanta mai shekara 14 lokacin da ya je karɓar tikitin shekara, ba a nemi izininta ba. A Janairun 2019 kotun ƙolin jihar ta ce ba sai mutum ya nuna an cutar da shi ba, keta dokar kaɗai ya isa a shigar da ƙara. Kamfanin ya sasanta a kan dala miliyan 36 a 2021. Filorida ba ta da doka irin wannan da ke ba baƙo damar kai ƙara, saboda haka a can alƙawarin kamfani ne abin dogaro. Fuska ma ta fara shigowa: Disney ta gwada gane fuska a ƙofar Magic Kingdom a Maris da Afrilun 2021, ga wanda ya ga dama, kuma Universal, babbar abokiyar hamayyarta a Orlando, tana amfani da hoton fuska a sabon filinta Epic Universe da aka buɗe a Mayun 2025. Idan ƙaninki ya ce ku leƙa can, ku tambayi hanyar shiga da katin shaida tun a ƙofa.

Ga abin da ke sa hasken ya koma shuɗi, ko da tikiti lafiya lau yake. Mutum ya sa manuniyar dama ranar farko, washegari ya manta ya sa ta hagu. Yatsa jiƙe da zufa ko man kare rana. Katunan yara sun cakuɗe a jaka, aka ba wa wannan na wancan, don haka ki rubuta sunan kowa a bayan katinsa da alƙalamin da ba ya gogewa, ki kuma ɗauki hoton bayan kowane kati, saboda lambar da ke jiki ita ake nema idan ya ɓata. Sai lalle. Duk wadda ta taɓa zuwa rajistar banki ko ta jarrabawa da jan yatsa ta san yadda na'ura ke yi mata gardama. Idan za a yi ƙunshin tafiya, ke da babbar ku bar manuniya ɗaya fara.

Jakin kansa

Manhajar My Disney Experience ita ce ta fi munduwa sani. A cikinta akwai sunan kowa da shekarun yara, ranakun tafiya, otal, abin da kuka yi oda, katin biya, hotunan fuskokinku. Idan kin ba ta izinin wuri, tana amfani da GPS ɗin wayar, abin da munduwa ba ta da shi. Idan kin ba ta Bluetooth, wayar tana iya yin aikin rediyon munduwa wajen haɗa hotunan lilo. Asusun da kika buɗe kuma guda ne da na sauran hajojin kamfanin kamar Disney+ na kallon fina-finai da tashar wasanni ta ESPN. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2024 wani mutum ya kai ƙara bayan matarsa ta rasu sakamakon abincin da jikinta ba ya karɓa a wani gidan abinci da ke harabar Disney, lauyoyin kamfanin suka ce ai ya amince da sharaɗin sasantawa a wajen kotu tun lokacin da ya yi rajistar gwajin Disney+ da kuma lokacin sayen tikiti. Sai da jama'a suka yi ca a kansu sannan suka janye hujjar a watan Agusta na shekarar. Wancan dogon rubutun da muke danna "na yarda" ba mu karanta ba, yana da haƙora.

Abin da zan ba ki shawara ki yi, tun kina gida: ki buɗe asusu ɗaya tak, da adireshin imel da kika ware don tafiyar. Yaran uku ki shigar da su a ƙarƙashinki a matsayin waɗanda kike kula da su, kada a buɗe wa kowa nasa, har babbar. Sunan da ke kan tikitin manya ya dace da na fasfo, musamman idan za ku bi hanyar katin shaida. Wajen haɗa asusunki da na ƙaninki, manhajar za ta tambaya ko ya ga duk tsare-tsarenki ko waɗanda kuka haɗa kawai, ki zaɓi na biyu, ki kuma lura da zaɓin ganin hotuna, domin nan ne hoton 'yarki zai iya faɗawa wayar wanda ba ki yi niyya ba idan jerin abokai ya yi tsawo. A saitin waya, izinin wuri ki sa shi a kan lokacin da ake amfani da manhaja kaɗai. Bluetooth ki hana idan ba kya son hotunan lilo. A iPhone, idan ta nemi izinin bibiyarki a sauran manhajoji, ki ƙi. A Android ki shiga saitin talla ki goge lambar talla. Ki cire alamar amincewa da saƙonnin talla a asusun. Ba abin da zai lalace: taswira, tsawon layi, odar abinci da kama lokaci duk za su yi aiki. Bayan kun dawo, ki sauke hotunan da kike so da wuri domin suna da wa'adi, ki cire katin banki daga asusun, sannan ki nemi a goge asusun ta shafin sirri na kamfanin. Goge manhaja daga waya ba ya goge komai a rumbunsu. Ki kuma sani cewa, kamar kowane kamfani a Amurka, ƙa'idarsu ta ba su damar miƙa bayanai ga hukuma idan doka ta nema.

Waya ɗaya ce za ta ɗauki wannan nauyi duka, kuma zafin Filorida da hasken allo da neman sabis suna cinye batir kafin la'asar. Ku tafi da batirin ajiyar caji. Wannan ma wani dalili ne na karɓar katin roba ko da an sa tikiti a waya: idan waya ta mutu, kati yana nan.

To a sayi munduwar ko a bari? Ya danganta da inda za ku kwana. Buɗe ɗaki da sayayya da munduwa na masu kwana a otal ɗin Disney ne kawai, waɗanda suka ajiye katin banki a teburin karɓar baƙi, kuma kowace sayayya sai an danna lambar sirri mai lamba huɗu. Idan a gidan ƙaninki ko wani otal na waje za ku sauka, aikinta ya tsaya a shiga ƙofa, shiga layin Lightning Lane da hotuna. Sabuwar, MagicBand+, wadda ta fito a Yulin 2022 da farashin da ya fara daga dala 34.99, tana haske tana girgiza, ana yi mata caji kamar agogo. A wannan farashin, guda biyar kusan dala 175 ke nan kafin haraji, don kwana huɗu. Ni dai ban ga ribar ba. Idan yara suka nace, ko kuma kuka sauka a otal ɗin Disney, akwai tsaka-tsaki: sabuwar tana da maɓallin kashewa, kuma karawa a ƙofa yana aiki ko a kashe take ko caji ya ƙare, tunda wancan ɓangaren ba ya shan batir. Ku ce a cire wa yara izinin sayayya. Idan ta ɓata, ki shiga asusu ki sa mata alamar ɓata nan take, ta zama roba kawai.

Akwai kuskure ɗaya da iyaye ke yi ta ɗaya gefen, wanda ya fi tsoron maigida haɗari. Suna ɗauka tunda ana bin sawu, idan yaro ya ɓace za su buɗe manhaja su ga inda yake. Babu wannan allon. Ba a ba iyaye taswirar inda munduwa take ba. Ma'aikaci zai iya karanta munduwar yaron da aka tsinta ya ga asusun da take ciki, iyakarta ke nan. Saboda haka kowace safiya ki ɗauki autan hoto da kayan da ya sa ranar. Ki rubuta lambar wayar ƙaninki ta Amurka a takarda ki sa masa a aljihu, domin layin Najeriya ba lallai ya shiga ba. Da kun shiga, ki tsayar da shi gaban ma'aikaci na farko, ki nuna masa bajon suna da ke ƙirjinsa, ki ce idan bai gan ku ba, mai irin wannan bajo zai je wa, kada ya fita neman ku. Yaran da aka tsinta ana kai su cibiyar kula da jarirai, kowane fili yana da guda, kuma tana kan taswirar takarda da ake ɗauka kyauta a bakin ƙofa.